AN ARE KA, MALAM, BA A DAWO DA KAI BA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai ciyar da bayinSa dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, yau kaina zan yi wa wa'azi a gabanku. Wanda ya ga abin ya shafe shi, sai ya ɗauki rabonsa. Kafin in rubuta sai da na nemi izinin mai ɗakina da na babban ɗana, domin labarin nasu ne kamar yadda yake nawa, kuma sun amince.

Mai ɗakina ita ce mai kula da ɗakin karatu, wato laburare, a wata makarantar sakandaren 'yan mata. Mutane da yawa suna ɗauka aikin zama ne a inuwa ana kallon littattafai. Ni ma haka na ɗauka da farko. Da sassafe za ta buɗe ɗakin, ta kakkaɓe ƙura, musamman da hunturu. Sabon littafi in ya zo, ta buga masa hatimi, ta ba shi lamba, ta shigar da shi rajista. Wanda ya yage ta liƙe shi da gam. Ta leƙa bayan kantoci saboda gara, don in gara ta shiga kanta, kafin a ankara ta cinye cikin littafi ta bar bango. In lokacin WAEC da NECO ya gabato kuwa, ko kujerar zama ba ta samu, yara sun cika ɗakin.

In ta dawo gida sai wani aikin. Allah Ya hore mata hannu a harkar fulawa: biredi, kek, cincin, gurasa, wani lokaci alkaki da dubulan in sallah ta zo. Shekaru da yawa ba mu da oba. Babbar tukunya take samu, ta zuba yashi mai tsafta a ƙasa, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanaye a ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Haka aka gasa biredin da 'ya'yanmu suka tashi da shi. Daren Juma'a take kwaɓawa, safiyar Asabar a yi gashi. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabi, albashi ya daina kai wata, sai ta fara karɓar aikin mutane: cincin na biki, kek na suna, da sauransu.

Ni kuma fa? Ni ina can. Bayan Asuba darasi, da hantsi ɗaurin aure, bayan La'asar sulhu tsakanin ma'aurata, tsakanin Magariba da Isha'i karatu, bayan Isha'i lacca a wata unguwa. In dawo ƙarfe goma ko sha ɗaya, in tarar da kulata a rufe a ɗakina, in ci ni kaɗai ina amsa saƙonni a waya, in kwanta. Kuma wallahi a raina ina jin ni ne mafi hidimar addini a gidan.

Wani dare na dawo daga lacca. Kun san taken laccar? Tarbiyyar 'ya'ya a Musulunci. Mutane sun yi ta kabbara, wasu har da hawaye. Na shigo gida na tarar da ita a tsakar gida, hannunta dumu-dumu cikin kwaɓi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Na ce, "Yawwa, sannu da aiki. Yara sun kwanta?"

Ta ce sun kwanta. Ta yi shiru tana murza kwaɓin, sannan ta ce, "Malam, yaushe rabon da ka ga yaron nan yana cin abinci?" Ba ta kama sunansa, kun san alkunyar ɗan fari.

Na ce, "Lafiya dai ko?"

Ta ce, "Sati uku ke nan ba ya zuwa Islamiyya. Yana sa kaya, ya ɗauki jaka, ya fita, amma ba can yake zuwa ba."

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce babu wanda ya gaya mata, a wurin cin abinci ta gane. Yaron da kullum sai an raba faɗa tsakaninsa da ƙannensa a kan gefen biredi mai ɓawo, ya koma loma biyu ya tsame hannu, kansa a ƙasa. Da ta ga abin ya ƙi wucewa, ta ɗauko littafin haddarsa ta bi kwanan wata, irin yadda take bin rajistar masu aron littafi, ta ga sati uku babu sa hannun malami.

Sannan ta faɗi maganar da har gobe tana kunnena. Ta ce, "A wurin aikinmu, duk yarinyar da ta ari littafi sati biyu muke ba ta. In ta wuce, in rubuta sunanta in aika aji. Kai kuwa Malam, jama'a sun are ka shekara da shekaru, har yau ba su dawo mana da kai ba. Ni wa zan aika wa takarda?"

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Shaiɗan ya ce, kai da kake aikin Allah, mace za ta yi maka wa'azi? Na shiga ɗaki ban ce komai ba, ko kular ban buɗe ba. Amma barci ya ƙi zuwa. Duk hujjar da na kawo wa kaina, sai wani nassi da ni da kaina na sha karantar da shi ya taso ya rushe ta.

Na tuna aya ta 44 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya zargi masu umartar mutane da alheri suna mantawa da kawunansu. Na tuna aya ta 6 a Suratut Tahrim, inda aka umarce mu da kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Iyalin mutum aka ambata tare da shi, ba jama'ar gari ba. Na tuna ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA) da Bukhari ya ruwaito. Salman ya ziyarci ɗan uwansa, ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta, saboda mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Da aka kawo abinci Salman ya ƙi ci sai Abud Darda'i ya ci tare da shi, sannan ya tunatar da shi cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa akwai haƙƙin kansa da haƙƙin iyalinsa. Da labarin ya je wa Annabi (SAW), sai ya gaskata Salman. Ku lura, Abud Darda'i ba yawon banza ya tafi ba. Ibada ce ta ɗauke shi, amma duk da haka aka dawo da shi gida, kuma a kan akushi aka fara gyaran.

'Yan uwa, mu duba gidan Annabi (SAW) ta fuskar abinci. Wa ya kai shi aiki? Shi ne limami, shi ne alƙali, shi ne jagoran yaƙi, shi ake saukar wa wahayi. Amma da aka tambayi Nana A'isha (RA) me yake yi a gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Umar ɗan Abu Salama (RA), agolansa, ya ba da labarin yana yaro hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai Annabi (SAW) ya koya masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Mun haddace hadisin, muna karantar da shi a babin ladubban cin abinci, amma akwai abin da muke tsallakewa: da ba tare suke ci ba, ta ina zai ga hannun yaron? Ladabi uku aka koyar a zama ɗaya, kuma yaron ya ce haka cin abincinsa ya ci gaba da kasancewa tun daga ranar.

Abu Dawud ya ruwaito daga Wahshi ɗan Harb (RA) cewa wasu sahabbai sun kai kuka suna ci ba sa ƙoshi. Annabi (SAW) ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka ce haka ne, sai ya umarce su da su haɗu a kan abincinsu, su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. A wannan zamani da kowa ke kukan abinci ba ya isa, wannan hadisi ya kamata ya tsaya mana a rai.

Domin adalci ga ilimi, ban ce cin abinci tare wajibi ne ba. Aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke laifi ga wanda ya ci a haɗe da wanda ya ci a rarrabe. Wanda ya ci shi kaɗai bai yi zunubi ba. Amma sanin halin da ɗanka yake ciki nauyi ne da za a tambaye ka a kansa, kuma ni dai ban ga wata ƙofa da ta kai ta abinci sauƙi ba.

Wani zai ce, ai Malam al'adarmu ce maigida a kai masa kwanonsa daban. To mu tambayi dattawanmu. A da, in an kai kwanon maigida zaure, ba shi kaɗai yake ci ba. Ana ciyayya: kowane magidanci a fito da tuwon gidansa, maƙwabta su haɗu, baƙo ya samu, 'ya'ya maza suna gefe ana ganin su, ana kwaɓar su. Mata da 'yan mata suna cikin gida a kan nasu kwanon. Babu wanda yake ci shi ɗaya. Abin da muke yi yau, kowa ya ja filet ɗinsa ya shige ɗaki, hannu ɗaya a abinci ɗaya a waya, wannan ba al'adar iyayenmu ba ce, ba kuma koyarwar Sunna ba.

Washegari Asabar na kira waɗanda suka gayyace ni wani taro na ba su haƙuri. Na jawo kujera na zauna kusa da murhu, na ce a ba ni mafici. A nan na ga abin da shekara da shekaru ake yi a gidana ban sani ba. Ruwan da za a jiƙa yis sai mai ɗumi; in ya yi zafi ya kashe shi, in ya yi sanyi ya ƙi motsi. In an murza kwaɓi sai a rufe a ajiye wuri mai ɗumi a bar shi ya tashi, kuma da hunturu ya fi daɗewa. In an sa kek a tukunya ba a yawan buɗe murfi. Mai gaggawar leƙawa shi ke sa ya faɗa. Na ce zan ƙara garwashi a yi sauri, ta ce, "A'a Malam, sai ya ƙone a waje, cikinsa ɗanye." Na yi shiru, domin abin da na kwana ina shiryawa ke nan game da yaron: in kira shi, in zazzage masa ayoyi da hadisai, in ya kama in haɗa da bulala, a gama komai a zama ɗaya.

Muna zaune take ba ni labarin yadda suke jera littattafai. Ta ce tsarin da suke bi wani Ba'amurke ne mai suna Melvil Dewey ya fitar da shi a 1876, ya kasa ilimi gida goma, kowane fanni da lambarsa. Littattafan Musulunci suna lamba 297, na abinci da girki suna 641, kanta daban-daban, da tazara a tsakani. Ta ce, "A laburare haka ya dace, don mai nema ya samu. Amma Malam, gida ba laburare ba ne. A gida kanta ɗaya suke."

Kuma gaskiya ta faɗa. Annabi (SAW) ya sanar da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah yana da lada a kai, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Muslim ya ruwaito cewa tsakanin dinarin da aka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda mutum ya kashe wa iyalinsa, na iyalin ya fi lada. Ya shawarci Abu Zarr (RA) in ya yi miya ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta. A Yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, matar Jabir (RA) ce ta niƙa sa'i ɗaya na sha'ir ta kwaɓa, aka yanka 'yar ƙaramar akuya, Allah Ya sa albarka har mutum dubu suka ci. Mu'ujiza ce ta Annabi (SAW), amma a tukunya da kwaɓin wata baiwar Allah ta bayyana.

A wannan daren muka shimfiɗa tabarma, aka zuba tuwo a babban tire ɗaya, na zauna. Kada ku ɗauka daɗi aka ji. Shiru ne ya cika wurin, yara suna satar kallona, kowa ya kasa sakewa. Can sai autarmu ta ce, "Abba, yau ba ka da lafiya ne?" Uwarsu ta yi dariya. Ni kuwa lomar da ƙyar ta wuce. 'Yata ba ta san wani dalili da zai zaunar da ni a gida ba sai ciwo.

Ban ce wa yaron komai ba a ranar, ban ce ba washegari. Na dai ci gaba da zama. Sai a Asabar ta uku, ni da shi muna hura gawayi, ya buɗe baki da kansa. Ashe hadda ce ta yi masa nauyi, 'yan ajinsu suka wuce shi, kullum in ya kasa sai a ce, "Kai ɗan Malam guda!" a yi masa dariya. Ya gwammace ya je ya zauna a gidan kallon ƙwallo har a tashi, da ya sake jin wannan kalma. Kuma ya kasa gaya mini, domin a ganinsa ya kunyata ni. Subhanallah! Sunan da nake taƙama da shi a gari, shi ne dutsen da aka ɗora wa ɗana a ka, ni ban sani ba. Yanzu ya koma makaranta, muna bita tare bayan Asuba, rabin shafi kullum. Har yanzu bai kamo 'yan ajinsu ba, amma ya dawo faɗa a kan gefen biredi, alhamdu lillahi.

Saboda haka ga nasihata, kuma ni ne farkon wanda ta hau kansa.

Ya kai magidanci, ka ware ko da abinci ɗaya a yini, in bai samu ba ko sau uku a mako, ka ci da iyalinka. A ajiye waya, taka ce farko. Kada ka mai da wurin kotu. Ba nan ake bin bashin laifuffuka ba. Kada ka kushe abin da aka dafa. Abu Huraira (RA) ya shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mai mata fiye da ɗaya ya zauna a ɗakin mai girki, ya tara 'ya'yan duka a kan tire ɗaya. Yaran da suka saba haɗa hannu a kwano, da wuya a raba kansu gobe.

Kuma ka san darajar hannun da ya kwaɓa. Malamai sun yi saɓani a kan ko hidimar gida wajibi ce a kan mace, amma babu saɓani cewa ciyarwa a kanka take, kuma albashinta da ribar sana'arta nata ne. In ta sa a cefane, kyautatawa ce ta yi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunta da na sadaka. Nana Faɗima (RA) kanta sai da dutsen niƙa ya yi wa hannunta illa. Matar da ta yini a wurin aiki, ta dawo ta tsaya a gaban wuta, mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka ce sannu, ka yi mata addu'a a gaban 'ya'yanta, ka kama mata abin da za ka iya.

Ya ke 'yar uwa mai sana'ar fulawa, ke ma ga naki, kuma daga bakin mai ɗakina na ɗauko. Ta ce akwai wata sallah da aikin mutane ya yi mata yawa, ta wayi gari ta ga duk mai kyau an ƙulle wa masu saye, 'ya'yanta kuwa sai ƙonanne da gutsattsari. Tun daga ranar ta sa wa kanta doka: tiren farko na gida ne. Sannan in kina aikin albashi, lokacin aiki amana ne; kada cinikin kek ya cinye sa'o'in da ake biyan ki domin 'ya'yan mutane.

Na san akwai mai cewa, Malam, kuna maganar biredi da kek, mu abin da za mu ɗora ma babu. Wallahi na sani, Allah Ya kawo mana sauƙi. Amma ka tuna Nana A'isha (RA) ta ba da labarin ana ganin jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba, sai dabino da ruwa. Sahlu ɗan Sa'ad (RA) ya ce ko rariya ba su da ita, garin sha'ir hura shi suke yi, abin da zai tashi ya tashi, su kwaɓa sauran. Ba a sharɗanta daɗin abinci ba kafin a haɗu a kansa. Ko garin kwaki ne, ko kunu, ku zauna tare, ku yi bismillah. Yaro ya ga mahaifinsa yana shan abin da yake sha yana gode wa Allah, wannan darasin ƙana'a ne da babu laccar da za ta koyar da shi.

'Yan uwana masu wa'azi, da limamai, da malaman makaranta, da duk wanda jama'a ke ara: ba a ce mu bar aikin ba. Amma in ka ce ba za ka samu zuwa wani taro ba, za a nemo wani malamin, kuma taron zai yi kyau. 'Ya'yanka kuwa ba su da wani uban da za a nemo musu. Yanzu in an gayyace ni a daren da na ware wa gida, ina cewa ina da alkawari, kuma ba ƙarya na yi ba.

Allah Ya yafe mana sakacin da muka yi da iyalanmu. Allah Ya saka wa matanmu da iyayenmu mata da Aljanna bisa wahalar da suke sha a gaban wuta. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin abin da Ya azurta mu da shi, Ya ciyar da wanda ba shi da shi, Ya tara mu da iyalanmu a kan walimar gidan Aljanna. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya gafarta mini.

Wassalamu alaikum warahmatullah.